Daga Kano zuwa Jidda: awa nawa jirgi yake yi a sama?

Tambaya: Mahaifiyata za ta tafi Saudiyya ta filin jirgin Kano. Na duba a intanet, wani shafi ya ce awa huɗu ne, takardar da aka ba mu ta nuna kamar awa shida da rabi a tafiya, a dawowa kuma bai kai uku ba, maƙwabciyarmu da ta je aikin Hajji a 2023 kuma ta rantse sai da suka yi wajen awa bakwai a sama. Tsohuwa ce, tana da ciwon suga da ciwon ƙafa. Wanne zan ɗauka in yi mata shiri a kansa?

Amsa: Malama, Allah Ya kai Hajiya lafiya, Ya dawo da ita lafiya. A cikin mutanen nan uku babu wanda ya yi miki ƙarya. Kowannensu wani abu daban yake aunawa, kuma aikina na tsara tafiyar jirage tun daga ƙasa ya koya mini cewa yawancin rikicin da ake yi da fasinja a kan lokaci daga nan yake tasowa. Nisan da ke tsakanin filayen jirgi biyu ba ya sauyawa. Lokacin tafiya kuwa kullum sai an sake lissafa shi, domin hanya da iska da agogo da cunkoson ƙasa duk suna da hannu a ciki.

Bari in fara da abin da ba ya motsi. Tsakanin filin jirgin saman Malam Aminu Kano da filin Sarki Abdul'aziz na Jidda akwai kimanin kilomita 3,400. In Madina jirgin zai sauka, a filin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz, nisan ya ɗan haura 3,500. Idan kika ga wani shafi ya rubuta 2,100 da 'yan kai, wani kuma 1,850, kada ki ɗauka sun saɓa. Na farko mil na ƙasa ya yi amfani da shi, wanda kowane ɗaya kilomita 1.609 ne, na biyu kuma mil na teku, kilomita 1.852, wanda shi ne ma'aunin matuƙa jirgi da masu kula da sararin samaniya. Nisa ɗaya ne aka faɗa da ma'auni uku.

Wannan adadi shi ne gajeriyar hanya a bayan duniya, wato abin da za ki samu in kika ɗauki zare kika miƙe shi a kan ƙwallon taswira daga Kano zuwa Jidda. Zaren zai bi ta arewa maso gabashin Najeriya, ya taɓa yankin Diffa na Nijar, ya wuce ta arewacin Tafkin Chadi, ya ratsa hamadar Chadi da ta Sudan, ya tsallake Kogin Nilu wajen Dongola, sannan ya faɗa Bahar Maliya ta arewa da Port Sudan. Shafin da ya ce miki awa huɗu wannan zaren ya ɗauka ya raba da gudun jirgi. Manyan jiragen da ake jigilar alhazai da su, irin su Airbus A330 da Boeing 777 da 747, suna gudun kilomita 870 zuwa 900 da 'yan kai a awa idan sun daidaita a sama, a tsayin ƙafa 35,000 zuwa 39,000. Ki raba 3,400 da 870, za ki samu awa huɗu saura kaɗan. Lissafin daidai ne, sai dai babu jirgin da yake tafiya haka.

Jirgi ba ya tashi da cikakken gudu. Yakan ɗauki minti ashirin zuwa talatin kafin ya kai tsayin da zai daidaita, musamman in ya cika da mutane da mai. Yakan kuma fara gangarowa tun saura kusan kilomita 200 ya isa, yana rage gudu, ga jeren da za a sa shi a ciki bayan wasu jirage. Sannan sama tana da hanyoyi sanannu, masu suna da lamba, waɗanda masu kula da zirga-zirga suke bi da jirage a kai. Kafin yaƙin Sudan na 2023, jirgin da ya tashi daga Kano yana hannun ma'aikatan NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, har ya fita ƙasar, su miƙa shi ga na Injamena, su kuma su miƙa ga na Kartum, daga nan sai na Jidda. Hanyar da aka saba bi ta kan ɗan karkata kudu da wancan zaren, ta Maiduguri da Injamena da Darfur da Kartum, don haka nisan ya kan ƙaru da kilomita ɗari ɗaya ko biyu. In aka haɗa duka, tafiyar kai tsaye ta kan tashi awa huɗu da rabi zuwa biyar. Wannan shi ne lokacin da alhazan Kano suka sani shekara da shekaru. Na Maiduguri sun fi kowa sauƙi, nisansu bai cika kilomita 3,000 ba. Na Sakkwato kusan 3,700 ne, na Yamai kusan 4,000, na Legas kuma wajen 4,200.

Wannan hanya tsohuwa ce ƙwarai. Jiragen sojan saman Ingila uku da suka sauka a Kano a 1925 daga Alƙahira suka taso, ta Sudan suka biyo, kuma a 1936 aka fara jigilar jirgi tsakanin Kartum da Kano. Kafin nan ta wannan yankin kakanninmu suke bi da ƙafa da jakuna zuwa Sawakin a bakin teku, wasu su shekara da yawa a hanya suna noma suna tara guzuri, wasu su zauna can ke nan. Hausawan da suke Sudan yau da yawansu zuriyar waɗannan matafiya ne. Na kawo wannan ne domin ki gane cewa Sudan ita ce ƙofarmu ta gabas, a ƙasa da a sama, kuma nan maganar maƙwabciyarki ta shigo.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Kartum tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, saura 'yan makonni a fara jigilar alhazan wannan shekarar. Kusan rabin hanyarmu a kan Sudan take. Matsalar ba ta tsaya nan ba, domin saman Sudan ta Kudu ma, a tsayin da manyan jirage suke bi, a hannun Kartum yake a lokacin. Ta arewa kuma ga Libiya, wadda kamfanoni da yawa suke ƙauracewa. Sai ya zama jirgi ya gangara kudu ta Kamaru da Afirka ta Tsakiya, ya nufi wajen Uganda da Kenya, ya hauro ta Habasha, sannan ya tsallake Bahar Maliya. Tafiyar kilomita 3,400 ta haura 5,000. Awa huɗu da rabi ta koma kusan bakwai. Abin da ya sa ke nan kamfanonin jigila suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane maniyyaci a shekarar, aka yi ta kai ruwa rana da Hukumar Alhazai ta Ƙasa kafin a sa hannu a yarjejeniya. Maƙwabciyarki gaskiya ta faɗa. Daga baya an buɗe wani yanki na gabashin Sudan wajen Port Sudan, an kuma samar da wasu hanyoyin wucin gadi, amma hanyar da kowane kamfani zai bi ta dogara ne da izinin ƙasashen da zai ratsa da kuma abin da masu inshorarsa suka yarda da shi, kuma hakan yana sauyawa daga wannan kaka zuwa waccan. Saboda haka tambayar da ya kamata ki yi wa kamfanin ko jami'an hukumar jiha ita ce: ta wace hanya jirgin bana yake bi, kuma awa nawa sawun da ya gabata ya yi? Sawun jiya ya fi kowane shafin intanet sanin abin da zai faru gobe.

Yanzu ga takardar da ta ruɗa ki. Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu, duk shekara. Tikiti kuma yana rubuta lokacin tashi da agogon garin da aka tashi, lokacin sauka da agogon garin da aka sauka. A ce jirgi ya bar Kano ƙarfe 10 na safe ya yi awa huɗu da rabi. Zai sauka ƙarfe 2:30 na rana a agogonki, amma a Jidda 4:30 na yamma ne, haka kuma za a rubuta. Wanda ya ƙirga daga 10 zuwa 4:30 sai ya ga awa shida da rabi. A dawowa, ya bar Jidda ƙarfe 10, ya yi awa huɗu da rabin nan dai, ya sauka Kano 12:30, sai ka ce awa biyu da rabi ya yi. Ki cire awa biyu daga na tafiya, ki ƙara biyu a na dawowa, za ki ga sun yi kusan daidai. Ki kuma lura cewa lokacin da ke kan tikiti daga janye jirgi daga inda yake tsaye ne zuwa inda zai sake tsayawa, har da tafiyar da yake yi a ƙasa zuwa titin tashi da jiran izini. Abin da matuƙi yake sanarwa a lasifika kuwa na sama kaɗai ne. Tsakaninsu akan samu minti ashirin zuwa arba'in.

Na ce kusan daidai, domin akwai iska. Wannan ne ɓangaren da na fi so mutane su fahimta, saboda ana yawan faɗin abin da ba haka ba. Za ki ji an ce tafiya gabas ta fi sauri domin duniya tana juyawa. Duniya tana juyawa, a Kano ma da gudun da ya haura kilomita 1,600 a awa, amma tana juyawa ne tare da iskar da ke lulluɓe da ita, jirgi kuma a cikin wannan iskar yake. Abin da yake tasiri shi ne motsin iskar ita kanta a can sama. Kamar kwale-kwale ne a kogi: ƙarfin tuƙinsa ɗaya, amma in ya bi ruwa sai ya yi sauri, in ya tunkare shi sai ya ja jiki. Ki ɗauka jirgi yana gudun 870, iska kuma tana tafiya da 80 a awa. In tana bayansa, ƙasa tana wucewa a 950. In tana gabansa, 790. A kan kilomita 3,500 bambancin ya kai minti arba'in da biyar, jirgi ɗaya, matuƙi ɗaya, hanya ɗaya.

Ta wane ɓangare iskar take zuwa? A ƙasashen Turai da Amurka kusan kullum daga yamma take, shi ya sa littattafansu suke cewa tafiya gabas ta fi sauri, mutanenmu kuma suka kwafo maganar. A yankinmu abin yana juyawa da yanayi. Da hunturu, daga Disamba zuwa Maris, iskar saman arewacin Afirka da Larabawa daga yamma take, tana da ƙarfi, don haka mai Umara a wannan lokaci zai isa Jidda da wuri, ya daɗe a dawowa. Da damina kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, wata babbar iska takan taso daga wajen Indiya, ta ratso kudancin Larabawa da gabashin Afirka ta nufo Sahel, daga gabas zuwa yamma. A lokacin dawowa gida ce take sauri. Tunda Hajji yana matsowa baya da kusan kwana 11 kowace shekara, abin da alhajin da ya je da sanyi ya gani ba shi ne na wanda ya je da damina ba. A 2023 an yi tsayuwar Arfa a ƙarshen Yuni, a 2025 a farkonsa, a hankali kuma tana shiga bazara. Damina tana da wata matsalar: gajimaren hadari a kan Chadi da Afirka ta Tsakiya yakan yi tsayin da ya wuce inda jirgi yake, matuƙi kuma ba ya ratsa shi, kewaya shi yake yi. Kowace kewaya mintuna ne.

In tikitin Hajiya na ya da zango ne, lissafin ya sake. Ta Alƙahira nisan ya kai kusan kilomita 4,300, ta Addis Ababa kusan 4,700, amma ba ƙarin nisan ne yake cinye rana ba, zaman jiran jirgi na biyu ne, wanda zai iya zama awa biyu, ya iya zama goma. Ga tsohuwa mai ciwon ƙafa, ra'ayina a fili yake: in akwai jirgin kai tsaye kuma aljihu zai ɗauka, a biya bambancin. Sauka da hawa sau biyu, da dogon layin bincike a baƙon fili inda ba a jin yarenta, sun fi zaman cikin jirgi wahala nesa ba kusa ba.

Maganar da ta fi duka muhimmanci ga mai ciwon suga ita ce, awannin sama su ne ƙaramin ɓangaren ranar. A jigilar Hajji ana kiran maniyyata sansani tun da sauran lokaci mai yawa, a tantance takardu, a auna kaya, a kai su fili, a jira. Hukumar jiragen sama ta Saudiyya ce take raba wa kowane jirgi lokacin saukarsa, in jirgi ya rasa nasa sai ya jira wani. Jirgin da zai ɗauke su shi ne wanda ya kai sawun baya yake dawowa, jinkirin can shi ne jinkirin nan, kuma in hanya ta tsawaita zuwa awa bakwai, yawan sawun da jirgi ɗaya zai iya yi a kwana ya ragu. Matuƙa ma suna da iyakar awannin aiki da doka ta gindaya, in ta cika dole su huta ko a kawo wasu. Da hunturu ga hazo, wanda kan rufe Kano har a kasa sauka. Bayan an sauka kuma, a zauren alhazai na Jidda, mai rufin nan kamar tantuna da aka buɗe a 1981, akwai shige da fice da neman kaya da jiran mota, sannan tafiyar kusan kilomita 100 zuwa Makka. Daga ƙofar gida zuwa ɗakin masauki, kwana guda cur ba abin mamaki ba ne.

Ina roƙon ki, kada ku ɗauki jinkiri a matsayin wulaƙanci kawai, ko da yake na san akwai jinkirin da sakaci ne kuma ya kamata a yi ƙorafi a kansa. Ranar 11 ga Yuli 1991 wani jirgi ƙirar DC-8 ya tashi daga Jidda da alhazai zuwa Sakkwato, ya kama da wuta, ya faɗi yana ƙoƙarin komawa fili, mutum 261 suka rasu, babu wanda ya tsira. Bincike ya gano wasu tayoyin ba su da isasshiyar iska, an san da haka, amma aka tashi domin kada a makara. Allah Ya jiƙansu da rahama. Duk wanda yake wannan aiki a ƙasar nan ya san wannan rana. In aka ce injiniya ya hana jirgi tashi sai ya gama duba wani abu, a yi haƙuri da shi.

Don haka shirin da zan ba ki shawara shi ne na awa bakwai a zaune da kuma kwana guda a hanya, in ya zo da sauƙi sai a gode wa Allah. Magungunanta duka su kasance a jakar hannu, ba a babbar jaka ba, tare da takardar likita, da dabino ko wani ɗan abin ci da za ta iya kaiwa baki in sugan ya sauka, domin ba a san lokacin da za a raba abinci ba. Ku je wajen likitanta kafin tafiya ya tsara mata yadda za ta matsar da lokacin magani da awa biyun nan, musamman in allura take yi. Ki nemi a rubuta mata keken guragu tun wajen yankar tikiti ko wajen jami'an hukuma, ba kunya a ciki, tazarar da ke cikin filin Jidda tana da tsawo. Ta samu kujerar bakin hanya, ta riƙa miƙewa tana ɗan takawa duk bayan awa ɗaya ko biyu in an kashe fitilar ɗamara, tana motsa ƙafafu a zaune. Tsofaffinmu da yawa sukan ƙi shan ruwa domin gudun shiga bayin jirgi, iskar cikin jirgi kuma busasshiya ce. Ki zaunar da ita ki kwatanta mata yadda ƙofar take buɗewa da yadda ake kora ruwa, ki ce mata ta sha ruwa.

Sai batun harami. In Madina za su fara sauka, babu gaggawa, sai ranar tafiya Makka za su ɗauka a Zul Hulaifa. In kuwa Jidda ce kuma Makka za su wuce kai tsaye, hukuncin inda ake ɗaukar niyya na malamai ne, ta bi abin da malaman bita suka koya musu. Abin da zan ƙara daga ɓangarena shi ne gudun jirgi: yana cinye kusan kilomita 14 a kowane minti, tsallake Bahar Maliya a wannan wuri kuma bai wuce rabin awa ba, a lokacin ma jirgi ya fara gangarowa, an ce kowa ya zauna ya ɗaura ɗamara. Wanda ya bari sai an yi sanarwar miƙati sannan ya tashi neman bayi domin alwala ko sauya tufafi, da wuya ya samu. Ta yi wanka da shiri tun a Kano, ya rage niyya da talbiyya kawai. Ta kuma tuna cewa mai tafiya gabas ranarsa gajeruwa take yi, in sun tashi da hantsi, la'asar za ta riske su tun agogon hannunta yana nuna azahar.

Ranar dawowa kuma, kada ku kwashi dangi ku tare a fili tun da aka ce yau ne. Ki karɓi lambar jirgin daga wajenta ko wajen jami'in da ke tare da su, ki sa a manhajar Flightradar24 ko makamanciyarta. Sai kin ga jirgin ya bar ƙasa sannan lissafi ya fara. Ki duba lokacin tashin, in da agogon Saudiyya aka rubuta ki cire awa biyu, ki ƙara awannin da sawun baya ya yi, sannan ki ƙara aƙalla awa ɗaya da rabi na sauka da hatimin fasfo da jiran kaya. Taswirar manhajar za ta nuna miki ko ta Chadi ya miƙo ko ta kudu ya zagaya, daga nan za ki san ko ku fito bayan awa huɗu ko ku dakata har shida.